Tambayi Anti: Ina Zan Kai Yarana Su Yi Wasa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan wasiƙu uku na zaɓo kuma duk a kan yara da wajen wasa ne, ta farkon ita ta fi tsaya min a rai shi ya sa na fi daɗewa a kanta.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni 'yar cikin gari ce a Gwammaja na tashi, to bara aka yi wa maigidana canjin wajen aiki muka tare a Gezawa. Alhamdulillah garin ba laifi mutanen kirki ne, damuwata ɗaya yarana uku, babban shekararsa 9, mai bi masa mace ce shekara 6, sai auta shekara 3, ba inda zan kai su su yi wasa. Da muna cikin gari ko ba komai duk ƙarshen wata babansu yana kwasarsu a je gidan zoo ko wajen lilo a sha askirim a dawo, yanzu kuwa in kika lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa da kuɗin shiga da na ciye-ciye wlh sai ki fasa. Kullum suna ɗaki suna rigima a kan wayata, shi babban har ya fara satar jiki yana bin yaran unguwa ban san ina suke zuwa ba. Na duba Google Maps duk abin da yake nuna min a cikin Kano yake. Anti ko kin san wani waje mai kyau kusa da mu? Na gode Allah ya bar zumunci.

Maman yara uku, Gezawa

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raya mana zuri'a ya sa albarka a sabon zaman. Ba ke kaɗai ba ce wallahi, ko mu da muke cikin birnin kukan da muke yi ke nan, filayen da muka yi langa da 'yar gala-gala a cikinsu muna yara yau in kin je shaguna ne a jere ko an kafa gidan mai, yaro in ya fito ƙofar gida sai kwata da adaidaita sahu. To amma bari in ɗan gyara miki lissafi, abu biyu kika haɗa waje ɗaya. Akwai wajen da ake zuwa buɗe ido, irin su gidan zoo da wajen lilo na kuɗi, wannan na jefi-jefi ne, da sallah ko hutun makaranta ko in yaro ya yi sauka. Akwai kuma wajen wasan yau da kullum wanda yaro zai taka da ƙafarsa ya je bayan la'asar ya yi gudu ya yi gumi ya dawo kafin a kira magariba. Abin da yaranki suka rasa na biyun ne kuma shi ya fi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana, irin autanki kuwa 'yan shekara 3 zuwa 4 awa uku ake so su yi suna zirga-zirga a wuni, kallon waya kuma kar ya wuce awa ɗaya. Kinga zuwa zoo sau ɗaya a wata ba zai biya wannan bashin ba ko da a kyauta ake ɗaukarku a mota.

Maganar Google Maps kuwa ki ajiye ta gefe. Shi abin da wani ya shigar masa shi yake nunawa, to wa zai zauna ya shigar da filin bayan firamare ko inuwar tsamiyar da yaran unguwa suke taruwa? A ƙaramin gari baki shi ne taswira. Ki tambayi matan da kuke haɗuwa a Islamiyyar matan aure ko a layin rigakafi, ki tambayi malamar ajin 'yarki, maigida kuma ya tambayi masu mashin na bakin tasha don ba lungun da ba su sani ba. Sannan ga wanda ya fi kowa sanin amsar yana cikin gidanki, wato shi babban da yake satar fita. Kar a fara da bulala. Babansa ya ce masa yau zo ka raka ni in ga inda kuke ƙwallo, ya bi shi har wajen, ya ga su waye abokan, ya gaisa da iyayen da ya gani, ya duba akwai rijiya ko kududdufi ko babban titi a kusa. Sau da yawa za a tarar yaron ya riga ya samo muku fili, abin da ya rage kawai a mayar da fitar ta zama da izini da lokaci. In kuma wajen ba na arziki ba ne to gara da aka gani da wuri.

A gari irin Gezawa, da ma Bichi da Wudil da Dawakin Kudu da Kura duk kusan tsarin ɗaya ne, wuraren da nake cewa a fara dubawa su ne filin makarantar firamare ta gwamnati, don yawanci yana da faɗi kuma bayan an tashi ba kowa sai awaki, a je a gaida hedimasta a gaya masa ga iyaye kaza suna so su riƙa kawo yara da yamma kuma da babba a tare da su, a kyautata wa maigadi, ba wani abu mai wuya ba ne. Sai filin idi wanda sau biyu kawai ake cika shi a shekara, amma shi lallai a nemi izinin liman ko kwamitin da ke kula da shi kuma a kiyaye tsafta don wajen sallah ne. Sai kuma makarantun kuɗi, da yawansu suna da 'yan liluka da sulu a tsakar makarantar suna nan a kulle daga Juma'a har Litinin, in kun haɗu ku biyar ko goma kuka yi wa mai makarantar magana ya riƙa buɗe muku ranar Asabar da yamma kuna ba da ɗan abin da za a ba mai shara, da wuya ya ƙi don shi ma talla ce a wajensa. Ki kuma lura da ranakun, tunda Alhamis da Juma'a ba Islamiyya su ne yammacin da yara suke da sarari sosai, to a kansu za ki gina tsarin.

Yanzu in an samu wajen, musamman in akwai kayan ƙarfe a ciki, dan Allah kar ki tsaya daga nesa ki ce ai ya yi kyau an yi masa fenti. Zan gaya miki abin da ya faru da ni. Shekarun baya 'yata ta biyu tana shekara huɗu na kai su wani wajen wasa a nan cikin gari, watan Afrilu ne wajen ƙarfe ɗaya na rana, ni ina can inuwa ina ƙirga canjin tikiti ita kuma ta ruga ta hau sulu na farin ƙarfe da 'yar gajeriyar rigarta. Ihun da ta yi har yau ina jin sa a kunnena. Kafin ta sauko ƙasa bayan cinyoyinta duka biyu sun yi jawur, da yamma suka tashi suka ɗuri ruwa, mun fi sati ana wanki ana shafa magani yarinya ba ta iya zama sai dai ta kwanta rub da ciki. Da na koma na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen nan ko ƙirga uku ban iya yi ba na janye. Tun daga ranar ba abin da ɗana zai hau ban taɓa shi da hannuna ba tukuna. Zafin Kano daga Maris zuwa Mayu yana kai digiri 40 har ya wuce, ƙarfen da ya wuni a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, don haka a wannan lokacin wasa da safe ne ko bayan la'asar sakaliya.

Bayan zafi sai ki kalli ƙasa. Yawancin raunin da yara suke ji a wajen wasa faɗuwa ce, kuma abin da aka faɗa a kai shi yake raba ƙujewa da karaya. In ƙarƙashin lilo siminti ne ko intalok ko tsandauri mai tauri to ba ruwana da kyan wajen, ki ɗauke yaranki. Yashi ake so mai laushi mai kauri kamar santimita 30, wato kusan ƙafa ɗaya. Ki kama sandar lilon ki girgiza da ƙarfi ki ga ko gindin yana motsi, ki ɗaga kai ki kalli inda sarƙa ta maƙale a sama don nan ne ƙarfe yake cin ƙarfe har ya siraɗe ba wanda ya lura, ki shafa gefen sulu ki ji ko akwai bakin kwano mai kaifi ko walda da ta tsage ko ƙusa da ta leƙo. In akwai tsatsa ki tabbata yaranki sun kammala rigakafinsu, in kuma ƙarfe ya yanki yaro a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, kar a tsaya shafa man birki ko toka. Ki duba tsakanin ƙarafunan baranda, in ramin ya isa jikin yaro ya zurma amma kansa ba zai wuce ba to tarko ne. Sannan auta kar ki bari ya gifta gaban lilo ko bayansa yayin da manya suke kai, ƙananan nan ba sa iya auna abin da ke tahowa, kafin ki ce kai an buge shi. Ita kuma 'yar macen, hijabi mai tsawo da abin da ke juyawa ba sa haɗa hanya, ki sa mata ƙarami wanda ya tsaya a kafaɗa ko ki cusa shi cikin riga, ki sa mata wando a ciki ta yi gudunta ta hau abin da za ta hau. Ina faɗar wannan da gangan don na sha ganin an kai yara wajen wasa an saki mazan, ita mace an ce zauna nan ki riƙe mana jaka ko ki goya ƙaninki, alhali shekararta shida, ƙashinta da zuciyarta suna buƙatar gudun nan kamar na kowa.

To in an duba duk ba a samu ba fa? Sai ku yi naku, kuma wallahi a Gezawa ya fi sauƙi a kan cikin birni don ku kuna da abin da mu muka rasa, wato fili da inuwa. A samu kangon da mai shi bai tashi gini ba ko gefen gidan wani mai yalwa, mazan su je wajen mai unguwa a yi magana a gabansa don kar gobe a ce an ci wa wani fili, gida goma su yi karo-karo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A share wajen tas a tsince kwalabe da ƙaya da ƙarafa, a zubo yashi tifa ɗaya, a je wajen mai faci a karɓo tsofaffin tayoyi wasu a binne rabinsu a jere yara su riƙa tsallakawa, ɗaya a ɗaure da igiya mai kauri a reshen darbejiya mai ƙwari ya zama lilo, amma a huda ƙasan tayar don kar ruwan sama ya kwanta sauro ya samu gida. In kuɗin sun kai a kira mai walda ya yi lilo mai kujera biyu a kafa ƙafafunsa da kankare a binne sosai, gaba da baya a bar sarari kamar ninki biyu na tsayin lilon. Yashin a riƙa juya shi da manjagara ana dubawa saboda kashin kuliyoyi da kunama. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ido, a raba kwana, yau maman wane gobe kakar su wance, mutum ɗaya babba ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiya yana tsinkar zogalensa yana kallonsu. Kuma ki lura ba sai da kayan ƙarfe yara suke wasa ba, in suka samu yashi da sarari da 'yan'uwansu da kansu za su tayar da langa da carafke da ɗan akuyana da tuwon ƙasa, ke ma ki tuna waɗanda kika iya a Gwammaja ki koya wa 'yarki, za ki sha mamakin yadda wayar za ta huta.

Sai maganar buɗe ido, ita ma ban ce a daina ba. Ku haɗu da maƙwabta gida biyu ko uku ku ɗauki shatar mota ɗaya, ta fi arha a kan kowa ya bi ta Jogana ya sauka 'Yan Kaba ya sake neman adaidaita da yara riƙi-riƙi. Gidan zoo na Audu Bako da ke Zoo Road tun 1972 aka buɗe shi zamanin gwamnan da ake kiransa da sunansa, kuma ni abin da nake so da shi ko ba don zaki da kura da kada da jimina ba, manyan bishiyoyin nan da sararin tafiya, yaro zai wuni yana taka ƙasa a inuwa. Ku je da safe ranar da ba sallah ba, ki dafo abincinki ki zuba a kula ki ƙullo zoɓo ki sa a firji tun dare, rabin kuɗin da ake kashewa a ciye-ciye yake tafiya. Shi babban kuma shekara tara ya isa a kai shi Gidan Makama kusa da gidan Sarki ya ga kayan tarihi a gaya masa labarin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, babansa ya hau Dala da shi ya nuna masa birnin daga sama, amma a riƙe hannu kuma banda auta. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai tunda kuna maƙwabtaka da Minjibir, za ki ji ana cewa a je dam ɗin Wasai shan iska. In za a je a tsaya daga nesa a kalla, kar yaro ya shiga ruwan, don ruwan Jakara ne da ya ratso birni ya kwaso ƙazantar gidaje da ta masana'antu yake taruwa a can, ga zurfi.

TAMBAYA TA BIYU

Anti barka da aiki. Ni magidanci ne a Ɗorayi, bayan layinmu akwai wani tsohon kududdufi da aka haƙi ƙasar gini, da damina yana cika taf yaran unguwa suna wanka a ciki. Ɗana mai shekara 11 na dake shi ya fi sau biyar a kan wajen nan amma da na fita kasuwa sai ya koma. Kwanan nan uwarsa ta ce ta ga kamar jini a ƙarshen fitsarinsa. Me kike ganin ya dace in yi?

Wani uba, Ɗorayi

AMSA

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana. Ka fara da asibiti tun kafin maganar duka ko wasa, gobe-goben nan. Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da yake wanka a kududdufi alama ce ta tsargiya, wata tsutsa ce da take rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na cikin ruwan da ba ya gudu, in yaro ya shiga sai ta huda fata ta shige ba tare da ya ji ba ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Za a gwada fitsarin, in ita ce akwai ƙwayar da ake bayarwa daidai nauyin yaro kuma tana kashe ta. Kar ka saurari masu cewa ai alamar balaga ce ko zafi ne zai wuce, in aka bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda, ga ƙarancin jini yaro ya yi ta ramewa ba ya gane karatu. Ka kuma gaya wa iyayen abokansa su ma a duba nasu, don da wuya a ce shi kaɗai ne. Kuma maganin ba rigakafi ba ne, in ya koma ruwan zai sake ɗauka.

Tsargiyar ma da sauƙi a kan ɗaya abin da kai ma ka san shi kake tsoro. Duk damina sai mun ji hukumar kashe gobara ta jiha ta ciro gawar yaro daga kududdufi ko rijiya, kuma irin wanda ka kwatanta na haƙar ƙasa shi ya fi haɗari don ba a hankali yake zurfi ba, taku ɗaya ruwa iya gwiwa taku na biyu rami ne, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Yaron da yake nutsewa ba ya ihu kamar yadda mutane suke zato, shiru yake tafiya cikin 'yan mintuna abokansa na gefe suna zaton wasa yake.

Amma Malam duka sau biyar bai hana ba, na shida ma ba zai hana ba, sai dai ya ƙware wajen ɓoyewa ya riƙa shanya wandonsa kafin ya shigo gida. Yaro ɗan shekara 11 ƙarfi ne yake cinsa ga zafi ga abokai, in ka toshe masa wannan ƙofar sai ka buɗe masa wata. Kusan kowace unguwa a Kano akwai kocin da yake tara yara yana koya musu ƙwallo da yamma, ka nemi wanda mutanen unguwa suka shaida da tarbiyya, ka je da kanka ka gan shi ka karɓi lambarsa, ka saya wa yaron takalmi da riga ka ce ga sharaɗi, ranar da aka gan ka a ruwa takalmin ya dawo hannuna. Ranar da ba ka da cinkoso ka je ka tsaya bakin fili ka kalle shi yana bugawa, wallahi wannan tsayuwar ta fi bulala goma aiki a zuciyar ɗa namiji. In hali ya yi kuma ka kai shi inda ake koyon iyo a kwamin wanka mai tsafta da mai koyarwa a tsaye, tunda ruwan yake so gara ya iya shi. Shi kuma kududdufin ba aikin mutum ɗaya ba ne, ku tashi ku magidantan layin ku sami mai unguwa da kansila a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma a nemi a cike shi ko a kewaye, kafin nan liman ya yi magana bayan sallah, 'yan sintirin unguwa su riƙa leƙawa tsakanin azahar da la'asar don lokacin ne iyaye suke kasuwa yara suke silalewa.

TAMBAYA TA UKU

Anti ina wuni. Sallah ta matso yarana sun dame ni sai sun je zoo da wajen lilo, ni kuma ina jego babansu ba ya gari. Babbar 'yata shekararta 13 tana da hankali sosai, in haɗa ta da ƙannenta uku in sa su a adaidaita su je su dawo? Duk yaran layinmu haka ake yi musu.

Mai jego, Kurna

AMSA

Lafiya lau ƙanwata, barka da arziki Allah ya raya ya ba ki lafiyar shayarwa. A'a, kar ki yi. Na san haka ake yi, ni ma ina ganinsu duk sallah an ci ado an cusa yara takwas tara a adaidaita ɗaya wasu a tsaye wasu a cinya babu babba ko ɗaya, kuma duk lokacin da na gani sai gabana ya faɗi. Ba hankalin 'yarki nake raina wa ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a get ɗin zoo ranar sallah ta biyu ya san turmutsitsin da ake yi, babba ma da ƙyar yake riƙe yara biyu balle yarinya da uku, hannunta biyu ne, in ɗaya ya ce fitsari ɗaya ya hango mai balan-balan shi ke nan an rabu. Daga Kurna zuwa Zoo Road kuma ba nan kusa ba ne, ga ranakun hawa ana rufe hanyoyin cikin gari mai adaidaita ya yi ta zagaye da su. Kuma ba mu manta ba a 2019 'yan sanda suka gano yaran Kano tara da aka sace aka kai su Anaca, waɗansunsu 'yan ƙanana ne aka ɗauke su a unguwanninsu, balle a cikin taron da ba wanda ya san wani. In wani abu ya faru Allah ya kiyaye, ita yarinyar za a bari da ciwon a ranta har tsufanta, kuma ba ita ta ɗora wa kanta ba.

Ki nemi ƙaninki ko ƙanin babansu ko wata 'yar'uwa babba ki biya mata kuɗin mota da na shiga, ita 'yar taki ta zama mataimakiya. Ki lallashe su su bari sai kwana biyar ko sati bayan sallah lokacin an rage, dabbobin suna nan ba inda za su, layin lilo ma ya yi sauƙi, kayan sallar a ajiye musu kala ɗaya na ranar. Kafin su fita ki ɗauke su hoto a waya da kayan da ke jikinsu don in ana cigiya shi za a nuna, ki rubuta lambarki da ta wanda ya raka su a takarda ki sa a aljihun kowa, ƙaramin ki maƙala masa da fil ta cikin riga. Ki cire wa matan ɗan kunne da sarƙa mai tsada. In sun shiga a nuna musu waje ɗaya a ce duk wanda ya ɓace ya zo nan ya tsaya ko ya je wajen mai kaki, kar ya bi wanda ya ce zo in kai ka wajen mamanka. Mai adaidaitan ya zama wanda kuka sani a layi, ki karɓi lambarsa, ku yi da shi ya koma ya ɗauko su ƙarfe biyar, kafin magariba suna gida.

Masu son aiko da tambaya ƙofa a buɗe take kamar kullum, a rubuta unguwa ko gari da shekarun yaran don in san yadda zan amsa. Maman yara uku ta Gezawa ina jiran ki rubuto min abin da babansu ya gano ranar da ya bi babban.